Sabuwar Shekarar Katolikan Aljirif: Ma'aunin Dawowar Khartum

A yawancin garuruwanmu, ranar 1 ga Janairu ba ta wuce ranar hutu da sauya kalandar bango ba. A Khartum kuwa rana ce mai kaya a ka. A irin wannan rana ce ta shekarar 1956 aka sauke tutocin Ingila da Masar, Isma'il al-Azhari ya ɗaga tutar Sudan, don haka da shigowar 2026 ƙasar ta cika shekara 70 da samun 'yanci. Ga mabiya ɗariƙar Katolika na birnin, ranar tana ɗauke da ƙarin nauyi biyu. Na farko, ita ce kwana na takwas daga Kirsimeti, kuma a cikinta ake karanta wurin da Linjilar Luka ta ba da labarin yi wa jariri Yesu kaciya da raɗa masa suna. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan: ranar suna ce, kuma cocin ta keɓe ta don girmama mai jego, wato Maryamu. Na biyu, tun daga 1968 Paparoma Paul na Shida ya mayar da ita Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, kowace shekara kuma Paparoma yakan fitar da saƙo na musamman a kan haka.

Ke nan mutumin da ya shiga coci a Khartum da safiyar wannan rana yana roƙon zaman lafiya ne a ranar haihuwar ƙasar da ta shafe fiye da rabin rayuwarta tana yaƙi da kanta. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, duk mai son sanin ko Khartum ta dawo hayyacinta bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023, kada ya tsaya kallon fadar shugaban ƙasa ko filin jirgin sama. Ya je unguwa irin Aljirif ranar sabuwar shekara, ya ga ko 'yan tsirarun Kiristocinta sun iya taruwa sun yi ibadarsu, sun koma gida ba tare da fargaba ba.

Aljirif tsohuwar unguwa ce a bakin Shuɗin Nilu, kogin ya raba ta biyu: Aljirif ta Yamma a ɓangaren Khartum, Aljirif ta Gabas a ƙetare, gadar Manshiya kuma ita ce mahaɗar yankunan biyu. An san ta da lambuna, an kuma san ta da wuraren gasa jan bulo da laka mai kyau ta bakin kogi. Da yawa daga gidajen birnin da bulon wannan gaɓa aka gina su. Masu kwaɓa lakar da jera bulon a rana kuwa, da dama daga cikinsu mutanen Kudu ne da na Duwatsun Nuba, waɗanda yaƙin 1983 zuwa 2005 ya koro daga garuruwansu. Irin waɗannan mutane ne suka cika bencinan cocin Katolika a Khartum da Umdurman: lebura, mai wanki a gidajen masu hali, mai sayar da shayi a gindin bishiya, malamin firamare, ma'aikaciyar jinya.

Ga irin wannan mutum, ikilisiya ta wuce ɗakin da ake shiga ranar Lahadi. Ikilisiya a tsarin Katolika yanki ne da Fada yake kula da shi, a ƙarƙashinsa akwai ƙananan cibiyoyin addu'a a unguwanni, inda katekis yake koyar da yara, yake jagorantar addu'a idan Fada bai samu zuwa ba, yake kuma sanin wanda ya kwanta ciwo da wanda aka yi wa rasuwa. A nan ake rubuta sunan jariri a littafin baftisma, wanda sau da yawa shi ne takardar farko da ke shaida cewa an haife shi. A nan ake ɗaura aure, a nan ake haɗa kuɗin makara. Tun a shekarun 1980 Babban Bishop Gabriel Zubeir Wako ya kafa shirin makarantu don 'ya'yan 'yan gudun hijira a gefen birnin, yawancinsu rumfuna ne na kara da buhu, amma dubban yara a cikinsu suka koyi karatu.

Bikin sabuwar shekara yakan nuna wannan zumunci a fili. A daren 31 ga Disamba al'adar cocin ita ce a taru a yi godiya a kan shekarar da ta wuce. Da safe, cikin sanyin Janairu mai kama da hunturunmu, sai a yi Misa. Da Larabci ake yin ta a Khartum, sunan da ake kira kuwa Allah ne, kamar yadda Kiristan Hausa yake kira. Waƙoƙi sukan zo da harsunan mahalarta, Dinka da Nuwer da harsunan Nuba, da ganga da guɗar mata. Karatun farko na ranar daga Littafin Ƙidaya yake, albarkar da aka umarci Haruna ya sa wa jama'a, wadda ke ƙarewa da roƙon salama. Kafin a karɓi jibi akwai lokacin da kowa zai juya ya miƙa wa na kusa da shi hannu. A ƙasar da ƙabilun da ke benci ɗaya suka taɓa ɗaukar makami a kan juna, wannan musafaha ba ƙaramin abu ba ce. Bayan an tashi sai a zauna a tsakar gida, a sha shayi da zoɓon da Sudanawa ke kira karkade, a tambayi labarin waɗanda ba a gani ba.

Wannan zama bai taɓa kasancewa cikin cikakken kwanciyar hankali ba, Aljirif kuma shaida ce. Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu ranar 9 ga Yulin 2011, dubban ɗaruruwan mutanen Kudu suka rasa matsayinsu na 'yan ƙasa, cocin birnin suka rage jama'a. A watan Afrilun 2012, lokacin da ƙasashen biyu ke gwabzawa a kan rijiyoyin man Hijlij, wani gungun mutane ya afka wa harabar cocin Firesbiteriya da ke Aljirif ta Yamma, ya cinna wa makarantar Littafi Mai Tsarki da ke ciki wuta. Ba cocin Katolika ba ce, amma kowane Kirista a birnin ya fahimci saƙon. Abin da ya kamata a riƙa tunawa tare da wannan shi ne, a kwanakin da suka biyo baya akwai Musulmin Khartum da suka je wurin jaje, suka yi tir da abin a bainar jama'a. A 2014 gwamnati ta bayyana cewa ba za ta ƙara ba da izinin gina sabuwar coci ba. Sai bayan faɗuwar Umar al-Bashir a 2019 aka mayar da Kirsimeti ranar hutu, ministan harkokin addini na lokacin, Nasruddin Mufarrah, ya nemi gafarar Kiristoci a kan abin da aka yi musu.

Wannan sararawa ba ta kai shekara huɗu ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023, kwana shida bayan Istar Katolika kuma ana cikin azumin Ramadan, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Babban Bishop Michael Didi ya zauna a Port Sudan. Babbar cocin Waliyyi Matta da ke bakin Nilu, wadda aka kammala a 1908, ta sha ɓarna. A unguwar Shajara, gidan Sistoci da ake kira Dar Maryam ya zama mafakar mata da yara da tsofaffi, bam kuma ya faɗa masa a Nuwamban 2023. Sabuwar shekara biyu, ta 2024 da ta 2025, sun riski yawancin Khartum a hannun RSF, kafin sojoji su ƙwace birnin a Maris na 2025.

A cikin waɗannan watanni, abin da ya riƙe ran waɗanda suka maƙale a unguwanni irin Aljirif shi ne tukunyar gayya. Matasa suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suka farfaɗo da takiyya, wato ɗakin girkin sadaka da aka gada daga zawiyoyin Sufaye, a bisa tsohuwar al'adar da Sudanawa ke kira nafir, mu kuma muke kira gayya. Wanda ya zo da kwanonsa ana zuba masa wake ko fate, ba a tambayarsa inda yake fuskanta idan zai yi addu'a. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada da yaƙin ya bari. Mutanen unguwa sun nuna cewa sun iya rayuwa tare a ranar wuya. Tambayar da ta rage ita ce ko za su riƙe wannan hali a ranar rabon fili da takardun izini.

Na san abin da wani mai karatu zai ce. Masallatai nawa aka rusa a wannan yaƙi? Musulmi nawa aka kashe, wasu ma a cikin sahun salla? Me zai sa a ware 'yan tsiraru ana magana a kansu? Gaskiya ne, mafi yawan waɗanda yaƙin ya ci Musulmi ne, kuma babu mai hankalin da zai auna jini da ma'auni biyu. Amma akwai bambanci a wajen sake gini. Masallacin unguwa zai tashi, domin jama'arsa suna da yawa, masu hannu da shuni za su taimaka, babu jami'in da zai tsaya masa a hanya. Ƙaramar cibiyar addu'a ta lebura mai gasa bulo, wadda tun farko aka hana ta takarda, ita ce za a iya shafewa a ce ba ta cikin taswira. Adalcin gari a wurin mai rauni ake gane shi.

Wani kuma zai ce ai baƙo raɓa ne, mutanen Kudu sun zaɓi ƙasarsu, su tafi can. Wannan magana ba ta san tarihin ƙasar da ake tsaye a kanta ba. Tafiya kaɗan daga Aljirif ta Gabas, idan aka bi kogin sama, akwai kufan Soba, babban birnin daular Alwa ta Kiristocin Nubiya, wadda ta yi ƙarnoni kafin ta faɗi wajen shekarar 1500. Masu tonon tarihi sun gano harsasan manyan coci na jan bulo a wurin. Daniel Comboni a Khartum ya rasu a 1881, kwalejin da ke ɗauke da sunansa kuma, tun 1929, ta yaye 'ya'yan Musulmin birnin masu yawa. Unguwar Masalma a Umdurman tana da Kiristocinta tun zamanin Mahadi. Josephine Bakhita, wadda cocin ta ayyana waliyya a 2000, 'yar Darfur ce da aka sace tana yarinya aka sayar. Babban Bishop na yanzu ɗan Duwatsun Nuba ne, Basudane gaba da baya.

Mu Hausawa ya kamata wannan kalma ta baƙo ta fi yi mana zafi. Kakanninmu sun bi hanyar Hajji da ƙafa, wasu suka zauna a Sudan. Wasu sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin wannan kogi da ya ratsa Aljirif. Sun yi noman audugar Jazira, sun haifi 'ya'ya da jikoki, amma har yau akwai bakin da ke kiransu Fallata da nufin cewa ba 'yan ƙasa ba ne. A Yulin 2022, a jihar Shuɗin Nilu, an kashe Hausawa an ƙona gidajensu a kan wannan tambaya ta wane ne mai ƙasa. Wanda aka taɓa ce wa ya koma inda ya fito, alhali a nan aka binne cibiyarsa, bai kamata ya yi shiru ba idan ya ji ana faɗa wa maƙwabcinsa haka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da nake ganin ya dace ba mai wuya ba ne. Hukumomin Khartum su mayar wa kowace coci filinta da gininta kamar yadda suke kafin yaƙi, su kuma buɗe ƙofar izinin gini da ƙa'ida ɗaya ga masallaci da coci. Kwamitocin unguwa, idan suna lissafa abin da za a gyara, rijiya da makaranta da asibiti, su sa wurin ibadar maƙwabtansu a cikin lissafin. Ita ma cocin ta ci gaba da abin da ya sa aka san ta a birnin, wato aji da ɗakin magani da ba sa tambayar addinin mai shigowa.

Maganar ba ta tsaya a Sudan ba. Akwai Katolika a Sabon Garin Kano da Sakkwato da Malumfashi da Maraɗi, da yawansu Hausa ce harshen addu'arsu. Mutanen Damagaram da Yamai ba su manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona coci da dama a cikin kwana biyu. Kowane gari namu yana da Aljirif ɗinsa, unguwar da 'yan tsiraru ke taruwa da safiyar sabuwar shekara, suna sauraron motsin titi da kunne ɗaya. Ranar da suka daina wannan sauraro, ranar ce za mu iya cewa garin ya zauna lafiya. Allah Ya kawo wa Sudan ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da kowa gidansa, Ya ba mu ikon riƙe amanar maƙwabtaka.