Kwalbar rage shan mai da injin kwale-kwale

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, duk mai inji ya koma lissafin kowace lita, har da masu fito da masunta a Yawuri da tafkin Kainji. A irin wannan yanayi ne ƙananan kwalaben nan da ake tsiyayawa a tanki, masu alkawarin ƙara ƙarfi da rage shan mai, suke samun kasuwa. Ra'ayina shi ne yawancinsu asarar kuɗi ne, wasu kuma haɗari ne, domin injin da ya mutu a tsakiyar kogi da kaya da fasinja ba daidai yake da motar da ta tsaya a gefen titi ba.

Abu ɗaya ne ya zama dole a haɗa da fetur, shi ma ba magani ba ne. Yawancin injinan da ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale a kogunanmu masu bugu biyu ne, ba su da rumbun baƙin mai irin na mota. Man da aka gauraya da fetur shi ne kaɗai ke shafe fistan da sauran ƙarafan ciki. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 50 bisa 1, wato rabin lita na mai a jarka mai lita 25, sabon inji kuma akan ninka masa a sa'o'in farko. Littafin injin shi ke da maganar ƙarshe. Man da ya dace shi ne mai alamar TC-W3, wanda aka yi domin injin da ruwa ke sanyaya shi, kuma ba ya barin toka. Mai zuba baƙin man mota don ya fi araha zai biya bambancin a wurin makaniki: fulogi ya toshe, zoben fistan ya maƙale.

Babban abokin gabar injin ruwa kuwa ruwan ne kansa. Yana shiga ta jarkar 'yan bumburutu, ta murfin da bai rufu ba, ko ta gumin da tanki ke yi da dare. Kwalaben da ake cewa suna cire ruwa galibi sinadarin alkohol ne. Suna iya haɗiye ɗan ɗigo, amma idan ruwa ya yi yawa sai alkohol ɗin ya bi shi su kwanta tare a ƙasan tanki, daidai inda bututu ke zuƙa. Wannan kwantaccen ruwa babu man shafawa a cikinsa. Ga shi kuma alkohol na cin roba, metanol har alminiyom yake ci. Wanda ya tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Beljiyam, layuka suka cika gidajen mai, ya san wannan ba zancen littafi ba ne. Ni dai da in sayi kwalba goma, gara in sa matata ɗaya mai raba ruwa da fetur tsakanin tanki da inji, in riƙa tsiyaye ta.

Batun rage shan mai ba ya buƙatar dogon bayani. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada fiye da 100 na irin waɗannan kayayyaki, ba ta samu wanda ya yi tasirin a zo a gani ba. Lanƙwasasshiyar farfela da lodin da ya wuce kima su ne ke shan mai.

Akwai kwalba ɗaya da nake yi wa uzuri, wato mai hana fetur tsufa. Fetur da ya daɗe a ajiye yakan yi danƙo ya toshe kafireta. Idan za a jingine jirgi wata biyu ko uku saboda janyewar ruwa, a zuba ta a sabon mai, a tayar da injin na 'yan mintuna don ta kai kafireta. Man da ya riga ya canja wari ya yi duhu kuwa, ba ta iya dawo da shi, sai dai a juye tankin.