Keke a Kan Burji

A yawancin labaran da muke turowa nan, jarumi cikin mota yake, gilashi a rufe. Keke sai mai gadi ko ɗan aike. A nan muke asarar kwatance.

A jihar Kansas ta Amurka, tun 2006 ake tseren keke na mil 200 a hanyoyin tsakuwa, da kekuna masu tsadar gaske. Mu kuwa burji a bakin ƙofa yake. Mu ari keke da sassafe, mu bi gefen magudanan Kadawa masu kawo ruwan madatsar Tiga zuwa gonakin Kura. Mu ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, mu ga balbela na bin masu dashen shinkafa. Ƙaya ta huda tayar baya, mu turo shi cikin rairayi muna neman mai faci, gumi har ido.

Dajin Falgore dai ba ma cewa kowa ya shiga shi kaɗai, saboda halin tsaro. Amma har yanzu ba mu rubuta labarin mutumin da ya ɗaure buhun masara a keke, ya iso bakin dajin, ya juyo gida ba.