Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Kwanakin baya ɗan gwaggona da ke aiki a Turai ya biya mata kuɗin tafiyar da ta daɗe tana roƙon Allah a kai. Za ta sauka a Atina ta ƙasar Girka, ta shiga babban jirgin ruwa irin na masu yawon buɗe ido, ta taka Afisa inda Manzo Bulus ya yi hidima, ta kuma ga tsibirin Batmusa inda Yohanna ya ga ru'ya. Zumuntar mata ta yi mata addu'a, an ɗinka sababbin atamfofi, akwati ya cika. Da na ce, "Gwaggo, ina fasfonki in duba?" sai ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, wanda ya buɗe ƙofar shi zai kai ni." Na ce amin, na kuma buɗe fasfon. A ranar da za ta dawo, wata huɗu kacal zai rage masa, alhali kamfanin jirgin wata shida yake nema.

Abin da nake so in faɗa ke nan: shiri ma bangaskiya ce. Yawancinmu mun ɗauka cewa idan mutum ya cika duba takardu da lissafin lokaci, to bai dogara ga Allah sosai ba. A ganina wannan kuskure ne, kuma iyayenmu ne suka fi shan wahalarsa, domin su ke tafiyar, mu kuma da muka iya waya da intanet muna tsayawa ga "Allah ya kiyaye hanya" kawai.

Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za a ce wa direba ya dakata, Mama na zuwa. Yana da sa'ar rufe ƙofa, idan ta cika sai ya ɗaga, ko da kana hango shi daga bakin gaɓa. Daga Abuja zuwa Atina yawanci sai an sauya jirgin sama a hanya, a Istanbul ko Alƙahira ko wani birnin. Jinkirin sa'a uku a jirgin farko ya isa ya sa ka rasa na biyu, ka rasa na ruwa, kuɗin ɗanka na shekara ya bi iska. Shawarata ita ce mai tafiya ya isa garin da jirgin zai tashi aƙalla kwana ɗaya kafin ranar. Na san kwanan otal kuɗi ne, da wuya ake samunsu kuwa. Amma kuɗin dare ɗaya ya fi asarar tafiya duka sauƙi.

Sai takardu. Bizar Shengen, wadda Girka ke cikin ƙasashenta, ana iya nemanta tun wata shida kafin tafiya, kuma tana bukatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ga wani tarko da mutane ba su lura da shi: Afisa a ƙasar Turkiyya take yau. Idan jirgi ya tsaya can sannan ya komo tsibiran Girka, mutum ya fita yankin Shengen ya sake shiga ke nan, don haka bizar shiga sau ɗaya na iya zama matsala. A tambayi kamfanin jirgin a rubuce irin bizar da mai fasfon Nijeriya yake bukata a kowace tasha. Katin allurar shawara kuma sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, kada a bari sai makon tafiya. Maganin hawan jini ko na sukari, da tabarau, da kaya sawu ɗaya, su zauna a jakar hannu, gama babban akwati yakan ɗauki sa'o'i kafin ya iso ɗaki a cikin jirgi, wani lokaci ma ya yi zamansa a wani filin jirgin sama.

Wani zai ce, ashe Yesu bai hana mu damuwa da gobe ba? Ya hana, a Matiyu sura 6. Amma damuwa dabam, shiri dabam. Mai damuwa yana kwana yana juyi bai gyara kome ba. Mai shiri yana gyara abin da ke hannunsa, ya miƙa sauran ga Ubangiji, ya yi barci. Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus ne ya gargaɗi masu jirgi a tsibirin Karita cewa lokacin tafiya ya wuce, suka ƙi ji, suka bi ra'ayin mai jirgin. Da hadari ya kama su, mala'ika ya tabbatar wa Bulus cewa ba wanda zai mutu. Duk da wannan alkawari, da matuƙa suka so sulalewa shi ne ya sa aka hana su, shi ne kuma ya matsa wa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. Mutum 276 suka fita da rai a tsibirin Malita. Wanda ya fi kowa bangaskiya a jirgin nan shi ya fi kowa lura da abin da ya kamata a yi.

Har yau darasin bai tsufa ba. Bayan jirgin Costa Concordia ya kife kusa da gaɓar Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, an tsaurara dokar koya wa fasinjoji inda za su taru da yadda ake sa rigar ceto tun kafin jirgi ya yi nisa. Ku faɗa wa iyayenku kada su raina wannan koyarwa da sunan "jinin Yesu ya rufe ni". Ya rufe su, su kuma saurara.

Shirin da ya fi wuya shi ne na gida. Gwaggo tana cikin adashi, tana koyar da ajin yara ran Lahadi, akwai jikoki biyu a hannunta. Mun zauna mun rubuta wa zai zuba mata adashi, wa zai karɓi ajin, wa ke riƙe da makulli, ina takardun gida suke, wa take bi bashi, wa ke binta. Da farko ta ƙi, wai kamar ana kiran mutuwa. Na tuna mata cewa Annabi Ishaya ya gaya wa Sarki Hezekiya ya kintsa gidansa, bayan haka kuwa Allah ya ƙara masa shekara 15. Rubuta abu ba ya rage kwana, rigimar da za a bari a baya yake ragewa. Mun kuma yarda ba za a sa hoton tafiyar a Facebook ba sai ta dawo, don kada mu sanar wa ɓarayi cewa gida babu babba.

Saura abu ɗaya da ba ya shiga akwati. Shekara biyu gwaggo ba ta magana da wata maƙwabciyarta saboda rigimar iyakar fili. Ana saura kwana uku ta tashi, ta ɗauki mayafi ta shiga gidan da kanta. Da ta fito ta ce mini, "Ɗana, yaya zan tsaya a inda Bulus ya koyar da gafara, ga gaba a cikina?" A cikin shirin duka, wannan ne kaɗai ban tuna mata ba.

Saboda haka 'yan'uwa, idan wani naku zai yi tafiya, ku je addu'ar sallama, ku raira waƙa da dukan zuciya. Bayan an ce amin, ku zauna kusa da shi ku ce, "Baba, kawo fasfon mu duba." Wannan ma hidima ce.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya ba mu hikimar yin namu tun da sauran lokaci. Amin.