RUWAN ALWALA DABAN, RUWAN SHA DABAN: RADDI GA MASU FAKEWA DA FIƘIHU

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Akwai wata shubuha da ta yi kaka-gida a ƙauyukanmu na Boɗinga da Shagari, kuma wajibi ne mu warware ta. Sai ka tarar da mutum yana wanke famfon feshin maganin ciyawa a bakin madatsar ruwa ta Shagari, ko ya tsuguna a gefen tafkin da mata ke ɗiba. Idan ka yi masa nasiha, sai ya ce ai malamai sun ce ruwa mai yawa ba ya najasa. Subhanallahi! Wannan gaskiya ce da aka yi wa ɓarna mayafi da ita.

Haƙiƙa a mazhabar Malikiyya ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar najasa ba ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba. To amma wannan amsa ce ga mai tambayar ko alwalarsa ta inganta. Ba izini ba ne na zuba ƙazanta a ruwan jama'a, kuma ba shaida ba ce cewa jariri zai sha ya zauna lafiya. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa yin bahaya a mashaya yana cikin abubuwan da ke jawo tsinuwa. Ina mai shubuha ya baro waɗannan?

Ƙwayar cutar kwalara ba ta sauya launin ruwa. Haka tsutsar tsargiya da ke sa yaranmu fitsarin jini. Haka gubar dalma, wadda a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, bayan sarrafa duwatsun zinariya ya gurɓata gidaje da tafkuna. A 2021 an ƙiyasta mutane fiye da 100,000 ne suka kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Idan an kawo wannan, sai su koma ga shubuha ta biyu, su ce ai ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara. Amma Sayyidina Umar (RA), da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma bai ɗauki hakan saɓa wa ƙaddara ba. Shin wanda ya haƙa masai jikin rijiyar maƙwabcinsa ya fi Umar tawakkali ne?

Sannan ruwan kansa ba shi da yawan da muke zato. A 2018 madatsar Goronyo, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, wadda birnin Sakkwato ke dogaro da ita, ta janye har ta koma kusan kashi 10 cikin 100. Idan wannan ya sami Goronyo, ina ga ƙaramar madatsa irin ta Shagari? Duk bishiyar da aka sare a gaɓa, duk gonar da aka nome har bakin ruwa, yashi ne ake turawa ciki yana cinye mazaunin ruwan. Ga kuma almubazzaranci a masallatanmu: famfo a sake ana alwala, alhali mudu guda ya ishi Annabi (SAW).

Ya ku 'yan'uwa, a Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har 1815, kuma a Boɗinga ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna. Abin kunya ne ƙasar da aka karantar da babin tsarki haka ta zama inda ake jahiltar manufarsa.

Saboda haka muna kira ga limamai su yi huɗuba a kan wannan kafin kowace damina. Muna kira ga hakimai da masu unguwanni su raya hukuncin harimin rijiya da fiƙihu ya tanada, sannan kada a haƙa masai ƙasa da mita 30 daga rijiya, a ware mashayar dabbobi daban, a hana kamun kifi da guba da wanke kayan feshi a ruwan sha. Muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ƙananan hukumomin biyu su riƙa gwada ruwan, su faɗa wa jama'a sakamako da Hausa. A 2022 an ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta rabu da bahaya a fili, don haka ba abu ne da ya gagara ba.

Masu hali kuma su tuna Sayyidina Usman (RA) da ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta ga Musulmi. Gyaran rijiyar burtsatse guda da ta lalace a Danchadi ko Dingyadi sadaka ce mai gudana.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Amin.