Wanda Ya Je Ikko Bai Ga Teku Ba

A garinmu Durba ta da, idan mutum ya dawo daga Ikko ba a fara tambayarsa ribar da ya ciwo. Sai an yi masa barka da hanya, an sha fura, an fasa goro, sannan wani dattijo ya gyara zama a kan buzu ya jefo tambayar da kowa ke jira: "To Malam, ka dai ga teku ko?" In ya ce ya gani, hira ta samu ke nan har bayan lisha. In kuwa ya shiga inda-inda, sai a yi dariya a ce wannan a Agege ya tsaya, bai ƙarasa ba. Mu yara muna raɓe a bakin zaure, kunne a buɗe, ido a kan buhun tsaraba.

Ba laifinmu ba ne da muka ɗauki teku da girma haka. Ruwanmu rijiya ce da kududdufi da rafin da ke ƙafewa kafin bazara. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, mutanen ƙasar Rano da Kibiya suka riƙa zuwa kallo, wasu har suna cewa ai an kawo mana teku gida. Waɗanda suka taɓa zuwa Kurmi sai su girgiza kai. Tiga tana da tsallake, in ji su, kuma ana shan ruwanta. Ruwan teku kuwa gishiri ne zalla, ba ya kwanciya dare da rana, kuma iyakar ganinka ruwa ne har ya haɗe da sama.

Tafiyar ma kanta karatu ce. A bi ta Rano da Bunkure a shiga Kano, a kwana a tasha don samun wurin zama. Tun 1912 dogo ya haɗa Kano da Ikko, tsawon fiye da kilomita 1,100, kuma jirgin ba ya gaggawa: kwana da yini ne in an yi sa'a. Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, sai Jabba, inda kowa ke yin tsit ana salati har a gama haye gadar Kwara. Daga nan ƙasa ta fara sauya kaya. Kuka da ɗorawa su ja da baya, kwakwar manja da ayaba su tare hanya. A Ilori da Offa da Badun mata na miƙo dafaffen ƙwai da lemo ta taga, ana ciniki da yatsu don babu mai jin yaren wani. Kafin a sauka a tashar Ido, mutum ya ga ƙasarsa tun daga dawa har kurmi, ya san cewa faɗinta ya wuce abin da ake faɗa a rediyo.

Yau fa? Yaranmu sun fi mu zuwa Ikko nesa ba kusa ba. Wasu a bas ta dare, wasu a saman tirelar tumatir da albasa da ake lodi a Kadawa da Kura, a sauke su a kasuwar Mile 12 da asuba. Akwai masu acaba, duk da dokar hanawa da aka tsananta a 2022, akwai masu faci da masu gadi da masu shayi. Amma tambayi wanda ya shekara biyar yana ci-rani a can ko ya ga teku. Zai sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, ban samu sarari ba." In ka matsa, ya ciro waya ya nuna maka hoton da wani ya ɗauka. Ba na ganin laifinsa sosai, nema ya yi tsanani, ranar hutu ranar asara ce. Sai dai iyayenmu ma ba yawon buɗe ido ya kai su ba. Goro da shanu suka kai su, amma sukan ware yini guda su ce yau na gani ne.

Wannan yinin yana da tsari. Mai masauki a zangon Agege ko Obalende zai haɗa baƙo da yaron da ya san gari. A haye gadar Kata, wadda aka fara ginawa tun 1901, a faɗa cikin cunkoson Idumota da Balogun a yanki atamfar uwargida. Wanda yake manomi ne kuwa, ransa na kan Apapa. Ku tuna gyaɗar da muka noma a gonakinmu, muka ɓare da hannu, aka auna, aka kai Kano aka tara ta dala-dala, dala guda tana cin buhu har 15,000. To a Apapa ake ganin ƙarshen tafiyarta: ƙugiya na sunkutar buhuna tana zurawa a cikin jirgin ruwan da ya fi unguwa guda girma, za a kai Ingila a matse mai. Dattawanmu kan ce nan ne suka fara gane cewa guminsu yana da daraja a wata duniya, suka kuma fara tambayar kansu me ya sa ladan da ke iso su bai taka kara ya karya ba. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo suka kwashe dalar, man fetur ya ƙarasa binne zancen.

Da la'asar sai Bar Beach. Nan ne mutumin Durba zai tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya tsaya nesa-nesa yana karanta duk addu'ar da ya haddace, igiyar ruwa ta biyo shi ya ruga, yaran Ikko suna dariya. Ga masu fararen riguna suna ibadarsu a kan yashi, ga dawaki na haya waɗanda sau da yawa 'yan uwanmu ne ke jan linzaminsu. Kafin a tafi sai an ɗanɗana ruwan an tofar, an cika kwalba, domin a gida akwai tsohuwar da ta yi saƙo tana so ta shafa a gwiwa.

Wannan bakin ruwan yanzu babu shi. Teku ta yi ta cin gaɓar, daga baya aka cike wurin da yashi, aka yi katangar duwatsu, aka dasa sabon birnin masu hali da ake kira Eko Atlantic. Mai son ganin ruwa sai ya nausa Lekki ya biya kuɗin shiga, ko ya hau kwalekwale zuwa Tarkwa Bay. Abin da talaka ke gani kyauta ya koma na saye, kuma wannan ma yana cikin dalilan da yaranmu ba sa zuwa.

Bayan 1976 sai aka ƙara wani zango a yinin gani. A gidan tarihi na Onikan aka ajiye baƙar marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun shekarar, da hudojin harsashi yadda suke. Bakano bai cika fitowa daga ɗakin nan da busasshen ido ba. Kwana goma kafin rasuwarsa ne ya sanar da cewa za a mai da babban birnin ƙasa Abuja, aka kuma tashi a 1991. Tun daga nan, ina jin, muka fara ɗaukar Ikko kasuwa kawai. Taku kaɗan daga gidan tarihin ga dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu a 1960. Masu sunan wuraren namu ne, amma masu ziyarar ba mu ba ne.

Akwai kuma inda ko dattawan namu ba su cika kaiwa ba, wato Badagiri, can yamma wajen iyakar Binin. Mun riƙe labarin harin Ningawa a kudancin Kano, kowane gida da abin da kaka ta faɗa. Abin da muka manta shi ne ina waɗanda aka kora kudu a igiya suka ƙare, tun kafin zamanin Ningi. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun zubar da ɗimbin kamammu, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin ruwa, ta Ikko da Badagiri da Wida, aka haye da su Bahiya ta ƙasar Birazil. A can Hausawa suka shirya bore a 1807, suka sake tashi a 1814. A babban boren Musulmi na watan azumin 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Almajirai ne irin namu, masu allo da tawada. Kuma gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: cikin masu sayarwar ma akwai namu.

A Badagiri har yau ga sarƙoƙi da mari a gidan tarihin iyalan Mobee, ga ɗakunan tsare bayi na Seriki Abass, ƙanana masu duhu. Ana haye ruwa da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka yashi har inda jirage ke jira a da, wurin da in an kai mutum ba ya komowa. Daga Badagiri ne kuma Bature Kilafatan ya taso a ƙarshen 1825, ya biyo hanyar fatake har Kano, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a can a 1827. Hanyar da ya hau ba shi ya share ta ba, sawun jakunan kakanninmu ya bi. Cikin bayin da suka kuɓuta suka fake a Ikko ne ma Bature Gulba ya ɗebi Hausawa a 1863 ya kafa 'yar rundunar da sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, haka muka gada a baki, amma sai mai tafiyar ya ɗaga kai. Titin da ya tashi daga Mile 2 ya nufi Badagiri bai fi kilomita 60 ba, kuma ta gaban Alaba Rago yake wucewa, inda masu raguna da shanunmu suka shafe shekaru suna kasuwa. Kwandastoci sun sha leƙowa daga motoci suna kiran Badagiri a kan kunnensu, kuɗin motar kuwa bai kai na buhun dusa ba.