Haƙƙin Kudancin Kano a Kan Ɗakunan Karatu

Tun da Allah Ya ƙaddara aka kafa Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano, aka damƙa mata amanar littattafan jama'a, ya wajaba a riƙa tambayarta ina amanar ta kwana. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke birni abin alfahari ne, amma ɗalibin Riruwai a Doguwa, wanda sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora kafin ya hango ganuwa, ba shi da rabo a cikinsa, alhali shi ma ɗan jiha ne, mahaifinsa kuma yana biyan haraji.

Asusun TETFund manyan makarantu kaɗai yake ɗauka, saboda haka nauyin ɗakunan karatu na talakawa yana wuyan gwamnatin jiha da ƙananan hukumominta 44, ba su da wani uzuri. Da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, mun yi hamdala. To, lalle ne a ware wa Hukumar Ɗakunan Karatu kaso bayyananne a kasafi, a kuma sake shi a kan kari, domin kuɗin da ya tsaya a takarda ba ya sayen kujera, balle littafi.

Bebeji, wadda madatsar Tiga take shayar da gonakin jiha daga ƙasarta, da Kiru maƙwabciyarta, su ma sun cancanci ɗakin karatu mai fitila da jaridu, da littattafan boko da na fiƙihu da ajami, da ma'aikaci ƙwararre, kana Majalisar Dokoki ta riƙa aika wakilai duk shekara su duba da idonsu.