Ramin da Ya Haifi Soro

Ina ɗan lakkwal a Matamaye kawuna ya fara tafiya da ni Damagaram. Rake ya kai daga fadamarmu, ni kuma aikina in zauna bisa dami kada wani ya zare kara. Ran nan ciniki ya faɗa tun kafin azahar, sai ya kakkaɓe riga ya ce, "Taso, ɗana, in nuna maka inda kuɗi suka taɓa kwana."

Muka bi lungunan Zango har muka ɓulla gaban wani soro mai zankwaye. Rabin zayyanar fuskarsa ya zube, amma abin da ya saura ya isa ya tsayar da mai wucewa. Dab da shi akwai wani ƙaton kududdufi, ruwansa kore shar, agwagi na iyo. Na ce lalle mai gidan nan ya san daɗi, tunda ya zaɓi bakin ruwa. Dattijon da muka tarar a zaure ya yi dariya har da tari.

"Yaro, ruwan ne ya tarar da gidan. Nan aka haƙi ƙasar da aka yi tubali. In kana son sanin ƙarfin attajirin dā, duba zurfin raminsa."

Ya shiga da mu. Waje rana na dukan ƙeya, ciki kuwa sanyi kamar randa. Ya nuna mana azarar giginya da bakan gizon da ke riƙe da rufi, da ɗakunan da ya ce kakansa na tara kirgi da gashin jimina kafin ayari ya tashi. A lokacin jemagun da ke reto a sama sun fi ɗauke mini hankali.

Sai da na girma na gane abin da aka nuna mini. Zango, a wajen garun Birni, nan a dā raƙuman Tarabulus ke sauke kaya bayan sun ratso ta Gat da Agadas. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta yi ƙarfin da har igwa ake ƙerawa a cikinta, kuma fatauci ya fitar da attajirai irin su Malam Yaro, wanda sunansa ya kai har bakin tekun arewa. Faransawa suka ci garin a 1899. Malam Yaro ya yi hulɗa da su, amma da suka yi zargin ana ƙulla musu tawaye a 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, shi ma Malam Yaro zargin bai ƙyale shi ba. Sai 1911 ta zo da duka biyu: jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya kuma ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke shafe watanni yana ɗauka suka koma zuwa ta Ikko cikin kwanaki. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai.

Duk wannan bai rushe soro ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya watsa hannuwa. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen shekara, da gyaran indararo kafin ruwan farko, da makuba a bango. Muna yawan yabon wanda ya gina, mu manta da waɗanda ke hawa tsani duk bazara, alhali su ne ke riƙe da sunansa. In suka watse, damina ta riƙa gutsurar bango tana mayar da shi ramin da ya fito. Dattijon nan ya faɗa mana haka, yana nuna jan ruwan da ya kwaranya daga gindin katanga zuwa kududdufi.

Ni da na ji wannan da kunnena, shekara huɗu ina Yamai ina cewa "baɗi" duk lokacin da inna ta aiko cewa ɗakin baba ya tsage. Kuɗin sallah ban taɓa fasa aikawa ba, na magini ne kullum nake ɗagawa. Wata daminar, cikin Agusta, ɗakin ya zauna da dare, Allah ya kiyaye babu kowa ciki. Da na iso, ƙanena ya riga ya tsamo allon baba da buzunsa daga cikin laka, ya shanya su bisa danga.